'Yancin Ɗan Ƙasa: Yadda Yake a Gida da Yadda Yake a Ƙasashen Waje

Jawabin da ɗaya daga cikin fastocinmu ya gabatar a taron dattawa da wakilan ikilisiyoyi da aka yi a Sukuntuni.

  Na san akwai waɗanda suka bar aiki a gona suka zo, akwai kuma waɗanda suka fito daga wajen Kusada tun da sassafe a kan babur. Ubangiji ya sāka muku.

Kwamiti ya ba ni wannan kan magana ne saboda wasu maganganu biyu da na kawo musu. Ta fari, wani saurayi ne daga cikin 'ya'yanmu ya same ni bayan sujada, ya ce in yi masa addu'a domin ya ƙudurta zai fita ƙasar nan, ko ta jirgi ko ta Agadas. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Baba Fasto, ƙasar nan ba tamu ba ce." Ta biyu kuwa daga bakin wani dattijo ta fito, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Da ya ji a rediyo cewa Amurka ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da take zargi da tauye 'yancin addini, a ƙarshen watan Oktoba na 2025, sai ya zo gidana da murna ya ce, "To Fasto, an ji kukanmu, masu ceto na tafe." Yaro yana so ya tafi waje, dattijo yana jiran waje ya zo masa. Dukansu biyu idonsu na can ƙetare. Shi ya sa na ga ya kamata mu zauna mu auna abin nan da kyau, mu san abin da muke da shi a gida, da abin da waɗancan suke da shi, da abin da ba su da shi.

Ni dai ba mai yawon duniya ba ne. Maraɗi kam na san ta kamar yunwar cikina, na je Gana sau ɗaya, na kuma yi mako uku a Ingila wajen wani ɗan gajeren kwas. Sauran abin da zan faɗa daga karatu ne da sauraron labarai, da hirar 'yan'uwan da suka je suka dawo.

Idan muka ce 'yanci, abubuwa biyu muke haɗawa a kalma ɗaya. Akwai 'yancin siyasa, wato jefa ƙuri'a, shiga jam'iyya, tsayawa takara, da faɗa wa mai mulki gaskiya ba tare da an zo an ɗauke ka da dare ba. Akwai kuma haƙƙoƙin yau da kullum, waɗanda talaka ke cin karo da su a bakin teburin akawu, a shingen 'yan sanda, a ajin makaranta, a asibiti, har a maƙabarta. Ƙasa tana iya ba ka ɗaya ta hana ka ɗaya.

Bari in fara da na siyasa a gida, domin matasanmu ba su ga abin da muka gani ba. Ina yaro a 1984 soja suka kafa doka ta huɗu, wadda a ƙarƙashinta aka ɗaure 'yan jarida biyu na jaridar Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, saboda labarin da suka buga. Ƙuri'ata ta farko ta shugaban ƙasa ranar 12 ga Yuni 1993 na jefa ta, muka tsaya a layi cikin rana, bayan 'yan kwanaki aka ce an soke zaɓen ɗungurungum. Ina makarantar tauhidi a watan Disamba na 1997 muka ji cewa Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa ya mutu a kurkukun Abakaliki. Ku duba fa, ɗan Matawallen Katsina ne, mutumin da ya taɓa zama na biyu a mulkin ƙasar nan. Idan an yi wa irinsa haka, ina ga ɗan manomi daga Sukuntuni? A lokacin ko hirar siyasa za a yi a teburin mai shayi sai an waiwaya hagu da dama.

Daga 29 ga Mayu 1999 zuwa yau ba a sake juyin mulki a Najeriya ba. A 2015 shugaba mai ci, Goodluck Jonathan, ya faɗi zaɓe, ya ɗauki waya ya taya Muhammadu Buhari murna tun ba a gama sanar da sakamako ba. Yau mutum yana buga waya gidan rediyo ya caccaki gwamna da sunansa, ya koma gida ya kwana. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kada mu raina shi. Ba na cewa ya cika. Gwamnati ta rufe Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022. Bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agusta 2024, mun ga yara ƙanana da aka tsare wata uku aka kai su babbar kotun tarayya a Abuja, wasu suna faɗuwa a gaban alƙali don yunwa. Amma ku lura da abin da ya biyo baya: jama'a suka yi ca, 'yan jarida suka ɗauka, cikin 'yan kwanaki shugaban ƙasa ya ba da umarni a sake su. A zamanin soja ko hotonsu ba za mu gani ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda mu da kanmu muke wasa da wannan 'yanci. A zaɓen 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Ba zan ce a ɗaga hannu ba don kada in kunyata kowa, amma kowa ya tambayi kansa ina katin zaɓensa yake, da na matarsa, da na 'ya'yansa da suka kai shekara 18. Kansila yana cin zaɓe da 'yan ƙuri'u kaɗan. Unguwar da aka san tana fitowa ranar zaɓe, ita ake tunawa ranar rabon taki da ranar haƙa rijiyar burtsatse.

Yanzu ga takarda. Akwai tarihin da ya kamata kowane ɗan tsiraru ya sani. Gab da samun mulkin kai, ƙananan ƙabilu na Arewa da Gabas da Yamma suka nuna tsoron cewa manya za su danne su idan Bature ya tafi. A 1957 aka kafa kwamiti ƙarƙashin wani Bature, Henry Willink, ya zaga ƙasar nan yana sauraron koke-koke, ya miƙa rahotonsa a 1958. Masu koke sun nemi a yanka musu jihohinsu. Kwamitin bai yarda da wannan ba, sai ya ba da shawara a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam a cikin tsarin mulki, aka kwaikwayo yawancinsu daga yarjejeniyar ƙasashen Turai ta 1950. Wato babin haƙƙoƙin da ke cikin tsarin mulkinmu, kukan 'yan tsiraru ne ya haife shi. Gadonmu ne, ko da yake yanzu kowa na cin moriyarsa.

A tsarin mulki na 1999, babi na huɗu ke nan. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin yin addinin da ya zaɓa, da sauya addini, da yin sujada shi kaɗai ko cikin jama'a, da yaɗa abin da ya gaskata. Ya kuma hana a tilasta wa ɗalibi darasi ko hidimar addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Sashe na 42 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa, ko garinsu, ko addininsa, ko don mace ce. Sashe na 41 da na 43 sun ba shi damar zama da mallakar fili ko gida a ko'ina cikin Najeriya. Sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ta ɗauki wani addini a matsayin addinin gwamnati. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu, ban da wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 kuma ta hana a kama wani a madadin wani, wato ba a tsare uwa don ɗanta ya gudu. A kan takarda, 'yan'uwa, ƙasashe da yawa ba su kai mu ba.

To amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Bari in ba ku labarin abin da ya faru da ni a wata ƙaramar hukuma da na yi hidima shekarun baya. Wata yarinya ce daga ikilisiya ta ci jarrabawa da kyau, tana neman shiga makarantar koyon aikin jinya, aka ce ta kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda muke kira indijin. Na raka ta da mahaifinta. Ma'aikacin ya dubi fom, ya ga sunan yarinya, ya ɗago kai ya ce, "Ke daga wace jiha iyayenki suka zo?" Mahaifinta ya ce, "Ranka ya daɗe, kakan kakana a nan aka binne shi." Ma'aikacin ya ce bai taɓa ganin Bahaushe mai irin wannan suna ba, mu je mu dawo. Muka yi zuwa huɗu. Daga ƙarshe dagacin garin ne, Musulmi, dattijon arziki, ya hau bayan babur ya zo da kansa, ya ce wa ma'aikacin, "Gonar kakan yarinyar nan ita ce iyaka da ta kakana. In ita baƙuwa ce, ni ma baƙo ne." Nan take aka buga hatimi. Amma kafin a buga, an rufe karɓar takardu, ta yi asarar shekara guda a gida.

Ku duba wannan labari da kyau. Babu dokar da ta hana ta. Mutum ɗaya ne a bayan tebur wanda bai san tarihin ƙasarsa ba, bai san cewa akwai Hausawa da iyayensu suka fito daga Maguzanci suka karɓi bishara ba, kuma ya tabbata babu wanda zai tuhume shi. Wanda ya warware matsalar kuma ba lauya ba ne, maƙwabci ne. Irin wannan tebur shi ne muke tararwa idan muka nemi takardar mallakar filin majami'a. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka a karkara, amma ikilisiyoyi a jihohin Arewa da dama sun daɗe suna kukan cewa fayil ɗinsu yana shiga ofis ba ya fitowa. Shi muke tararwa idan muka nemi a turo malamin darasin addinin Kirista a makarantar gwamnati, da wurin neman filin maƙabarta, da ranar ɗaukar ma'aikata. Saurayin nan da ya ce ƙasar ba tamu ba ce, wannan teburin ne ya gaya masa haka.

Yanzu mu leƙa waje, mu fara da maƙwabta. Masu bi a Nijar ba su kai mu yawa ba ko kusa. Duk da haka 'yan'uwanmu na Maraɗi sukan yi mamaki idan na ba su labarin indijin, domin su takardar zama ɗan ƙasa suka sani, ba ta asalin ƙauye ba. Kirsimeti da Litinin ta Ista ranakun hutu ne a can. Asibitin mishan na Galmi yana aiki tun 1950, Musulmi da Kirista suna kwance gado kusa da gado. Sai dai a watan Janairu na 2015, a kan wani zanen ɓatanci da aka buga a Faransa, wanda babu Kiristan Nijar ko ɗaya da ya san hawa ko saukarsa, aka ƙona majami'u da yawa a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu. Ta fuskar siyasa kuwa, ranar 26 ga Yuli 2023 soja suka kifar da Bazoum Mohamed, suka tsare shi, shekara biyu ta wuce ba a sake shi ba. A watan Maris na 2025 aka rantsar da Janar Tiani na wa'adin shekara biyar, aka rushe jam'iyyun siyasa duka. Ina jin wasu matasanmu suna yabon wannan, suna cewa da ma a yi mana irinsa. Ni na rayu a ƙarƙashin soja, ba na yi wa kowa fatansa. Ku tuna kuma da aka rufe iyaka daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, talakan Jibiya da na Maraɗi ne suka sha wuya, ba a kuwa tambayi ko ɗaya daga cikinsu ba.

Saudiyya ita ce misalin ƙasar da ke da tsari ba baki. Maƙwabtanmu da suka je aikin hajji suna dawowa da labarin tituna da wutar lantarki da tsaro, kuma gaskiya suke faɗa. Amma babu jam'iyya, sarki ne ke naɗa majalisar shawara, ba a kuma yarda a gina majami'a ko ɗaya ba. Baƙo da takardar iƙama yake zaune, a ƙarƙashin kafil, ko gyaran da suka yi a 2021 bai haɗa da masu aikatau a gidaje ba. Akwai Hausawan da aka haifa a Makka da Jidda, iyayensu ma can aka haife su, amma haihuwa ba ta ba su zama 'yan ƙasa ba, ranar da aka yi samame sai a sa su a jirgi zuwa Kano, garin da ba su taɓa gani ba.

Na Sudan ya fi ba ni tausayi, domin labarinsu ya yi kama da na yarinyar nan. Hausawa sun zauna can fiye da shekara ɗari, wasu a hanyar hajji suka yada zango, wasu suka bi Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin kogin Nilu. A 2022 Hausawan jihar Bulu Nayil suka nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, aka ce su baƙi ne, ba su da ƙasa. Rikicin da ya tashi tsakanin Yuli da Oktoba ya ci ɗaruruwan rayuka. Musulmi ne a cikin Musulmi, addini bai cece su daga kalmar "baƙo" ba.

Gana ta burge ni, ba zan ɓoye ba. Mulki ya sauya hannu daga jam'iyya zuwa jam'iyya a zaɓen 2000, da 2008, da 2016, da 2024. A na ƙarshen, Mahamudu Bawumia, Musulmi ɗan arewacin ƙasar da ya yi shekara takwas yana mataimakin shugaba, ya amsa faɗuwa washegarin zaɓe. A watan Afrilu na 2019 babban limamin ƙasar, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, yana cika shekara ɗari, ya je majami'ar Katolika a Ankara ranar Ista ya zauna cikin masu sujada. Na shiga zangon Nima na ji Hausa kamar ina Kankiya. To amma a nan akwai abin da ya shafe mu, ina roƙon dattawa su saurara. A 2021 wata shahararriyar makarantar 'yan mata ta Metodis a Cape Coast, Wesley Girls, ta hana wata ɗaliba Musulma yin azumin Ramadan, har maganar ta girgiza ƙasar. A can mu ne masu rinjaye, mu ne a bayan tebur. Ashe cutar nan ba ta wani addini ɗaya ba ce, cutar mai rinjaye ce. Kada kuma mu manta Gana ta kori baƙi a 1969, Najeriya ta rama a 1983, a duka biyun talaka ne ya ɗauki kaya a ka.

Haka Turai. Faransa ta hana ɗalibai sa alamun addini masu bayyana a makarantun gwamnati a 2004, hijabi da babban gicciye duka. Suwizalan ta yi ƙuri'ar raba gardama a 2009 ta hana gina hasumiyar masallaci. Na tuna lokacin wasu a cikinmu suka ce madalla, su ma su ɗanɗana. Ban yarda da wannan ba a lokacin, yanzu ma ban yarda ba. Wanda aka hana hasumiya a can da wanda aka hana filin majami'a a nan, ciwonsu ɗaya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A Ingila na ga abin da ya tsaya mini a rai. Sarkinsu shi ne shugaban Ikilisiyar Ingila, bishop-bishop suna da kujeru a majalisar dattawansu, amma Musulmi, Sadiq Khan, ya ci zaɓen magajin garin Landan a 2016, Rishi Sunak mai bin addinin Hindu ya zama firayim minista a 2022, a 2024 kuma Kemi Badenoch da ta girma a Legas ta zama shugabar jam'iyyar masu ra'ayin riƙau. Ɗan Najeriya da ke zaune can da izini yana jefa ƙuri'a a zaɓensu. Idan ka kai yaro makaranta adireshinka za a tambaya, ba ƙauyen kakanka ba. Shin ba a zalunci a can? Ana yi. A 2019 'yan sanda suka kama wani mai wa'azi ɗan Najeriya a bakin titi a Landan, suka ƙwace masa Littafi Mai Tsarki. Amma daga baya sai da suka biya shi diyya, fam 2,500. A ganina nan ne babban bambancin yake. Zalunci yana ko'ina, sai dai a can akwai ƙofar kai kuka, akwai kuma mutum a bayan ƙofar wanda ke tsoron abin da zai same shi in bai buɗe ba. Duk wannan fa ga mai takarda ne. Na ziyarci wani ɗan'uwa da bizarsa ta ƙare. Ba ya iya aiki da sunansa, ba ya iya kama haya da sunansa, in aka ƙwanƙwasa ƙofa sai gabansa ya faɗi. Yana cikin ƙasar 'yanci amma ni da na zo daga ƙauye na fi shi sakewa.

Amurka kuwa, Baba, da girmamawa nake faɗa. Sun rubuta 'yancin addini a tsarin mulkinsu tun 1791, amma baƙar fata bai sami cikakkiyar damar jefa ƙuri'a a kudancin ƙasar ba sai da dokar 1965. Ba daga waje aka kawo musu ba. A garin Montgomery, daga Disamba 1955, mutanen ikilisiya suka ƙaurace wa motocin haya sama da shekara guda, suna tafiya a ƙafa, suna taruwa a majami'u da dare, wani matashin fasto, Martin Luther King, yana gaba. Jerin nan da Baba ya ji a rediyo, an sa Najeriya ciki a Disamba 2020, aka cire ta a Nuwamba 2021, aka mayar da ita a 2025. Yana bin wanda ke mulki a can ne. Ƙasar nan kuma ita ce a watan Yuli na 2025 ta rage yawancin bizar 'yan Najeriya zuwa ta wata uku, shiga ɗaya. Ba laifi ba ne duniya ta ji kukanmu, wani lokaci ma yana sa masu mulki su motsa. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ranar da baƙo ya koma gida mu da maƙwabtanmu ne za mu haɗu a kasuwa da bakin rijiya.

Akwai haƙƙi ɗaya da ya fi duka, in babu shi sauran labari ne, wato rai. A nan ne ƙasarmu ta fi gazawa. Ba mu manta da Deborah Samuel da aka kashe a Sakkwato a watan Mayu na 2022 ba, ba mu manta da Leah Sharibu da aka ɗauke daga Dapchi a 2018 ba. Amma yara sama da 300 da aka kwashe daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamba 2020 'ya'yan maƙwabtanmu ne. Masallatan da aka buɗe wa wuta suna sallar asuba a Unguwar Mantau ta Malumfashi a Agusta 2025, Musulmi ne. Mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a Maris 2025 suna hanyar komawa Kano, an kashe su ne don baƙi ne a garin da ba nasu ba. A 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, aka rufe kasuwannin dabbobi, wahalar ba ta tambayi kowa addininsa ba. Idan za mu kai kuka a kan tsaro, mu kai shi tare da mai unguwa da liman, zai fi nauyi, kuma shi ne gaskiya.

Ƙofar kai kuka fa tana nan a gida, nauyi ne da ita. Amina Lawal, da kotun Bakori ta yanke wa hukuncin jefewa a 2002, ɗaukaka ƙara ce ta cece ta, kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina ta wanke ta a Satumba 2003. Rhoda Jatau ta yi wata 18 a tsare a Bauchi, kotu ta sallame ta a Disamba 2024. Wata 18 zalunci ne, amma da ba a sami waɗanda suka tsaya mata ba da ta fi haka. Manzo Bulus ma bai ji kunyar neman haƙƙinsa ba. A Ayyukan Manzanni sura 16, da aka yi masa bulala a Filibi ba tare da shari'a ba, ya ƙi fita kurkuku a ɓoye sai da mahukunta suka zo da kansu. A sura 22 ya sanar da jarumin soja cewa shi ɗan ƙasar Roma ne, aka janye bulala. A sura 25 ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Bai ɗauki sanda ba, bai zagi kowa ba, ya dai san dokar ƙasarsa. Mu sau da yawa muna kiran rashin sani da sunan haƙuri.

Saboda haka ga abin da nake roƙon dattawa. Kowace ikilisiya ta binciko takardun filinta. In da baki aka ba kakanninmu, a je wurin mai unguwa da dagaci tun shaidu suna da rai, a rubuta, a sa hannu, a kai ƙaramar hukuma, a riƙe kwafi. Duk abin da za mu nema a ofis mu nema a rubuce, mu sa a buga mana hatimin karɓa da kwanan wata, domin maganar baki ba ta da sawu. Yaro kada a jira sai ya gama sakandare kafin a nema masa takardar haihuwa da ta indijin. Wanda aka tsare masa ɗan'uwa ba shi da kuɗin lauya, akwai hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya da aka kafa tun 1976, akwai kuma hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, an kafa su ne domin irinmu. Mu ma a gyara namu teburin: gwauruwar da dangin miji suka ƙwace wa gona, da yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar, a cikin ikilisiya suke, ba gwamnati ce ta tauye su ba.

Shi kuwa saurayin nan, na yi masa addu'a, ban hana shi tafiya ba, tafiya mabuɗin ilimi ce. Na dai ce masa in zai tafi ya tafi da fasfo da biza da sana'a a hannu, kada ya bi hamada, domin wanda ya faɗa hannun masu tsare mutane a Libiya ba shi da sashe na 35 da zai kira, ba shi da dagacin da zai hau babur ya zo. Ya ce zai yi tunani. Na gan shi a nan yau, ba zan nuna shi ba.

Sakatare yana da fom a bakin ƙofa. Wakilin kowace ikilisiya ya rubuta mana abu uku kafin ya tafi: ko filin majami'arku yana da takarda, yara nawa ne ke ajin ƙarshe na sakandare ba su da indijin, da kuma ko makarantar garinku tana da malamin darasin addinin Kirista. Za mu haɗa su mu kai gaba a taro mai zuwa.